Hirar Tarambon Da Ganga: Kiɗan Da Ba A Yi Masa Shiri

Duk mazaunin Godomey ko Zangon Kwatano ya san cewa ranar Asabar ba ranar barcin safe ba ce. Tun da hantsi za ka ji 'yan badujala, waɗanda maƙwabtanmu ke kira fanfar, sun ɓullo daga wani lungu, ko dai suna raka gawa ko kuma suna raka masu biki, 'yan zemijan na kauce musu, yara na biye da su a guje. A cikin kayan busarsu akwai wani dogo mai ƙyalli, wanda mai busa shi ke tura wani sashensa gaba ya jawo baya kamar mai zuga wuta a maƙera. Sunansa tarambon. Shi ne mai muryar nan mai kauri da ke gurnani a ƙarƙashin sauran, wani lokaci ya yi kamar yana dariya, wani lokaci kamar yana kuka.

To, a wannan fitowar za mu duba wani irin kiɗa ne da ake yi da wannan abin busa, wanda da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin labarinsa ba. Mutum biyu ne kacal, ɗaya da tarambon, ɗaya da ganguna. Su hau dandamali ba tare da sun tsai da waƙar da za su yi ba, babu takarda, babu karin da aka haddace, ba su ma san inda za su tsaya ba. Ɗaya ya fara, ɗayan ya amsa, a yi ta tafiya har minti ashirin ko fiye. Masu kiɗan jaz na Amurka da Turai ne suka fito da shi, mu kuwa a nan za mu kira shi kiɗan nan-take. Wanda ya fara jin sa yakan ce hayaniya ce kawai. Amma muna ganin kunnen Bahaushe ya fi na mutane da yawa dacewa da ya gane abin da ke gudana a ciki, kuma akwai darasin da ya shafi makaɗanmu na Zango kai tsaye.

Kakakin da aka naɗe

Bari mu fara da abin busar kansa. Tarambon bututun tagulla ne wanda in da za a miƙe shi sak zai kai wajen mita 2.7, watau tsawon kakakin fada sosai. An dai lanƙwasa shi ne sau biyu don ya riƙu a hannu. Yadda ake fitar da sauti a cikinsa kuwa daidai yake da na kakaki: mai busa ya matse leɓɓansa a bakin bututun, ya huro iska har leɓɓan su riƙa karkarwa. Bambancin shi ne wannan sashen da ke zugewa. In aka tura shi gaba bututun ya ƙara tsawo, murya ta yi ƙasa. In aka jawo shi baya bututun ya gajarce, murya ta yi sama. Malaman kiɗa na koyar da matsayi bakwai da hannu zai tsaya a kansu, amma ba wanda ya hana hannun tsayawa a tsakani, ko ya silale daga wannan zuwa wancan ba tare da ya yanke numfashi ba. Wannan silalewar ce ta sa tarambon ya fi sauran kayan busa na tagulla kama da maƙogwaron ɗan Adam.

Dangantakarsa da kakaki ba ta tsaya a tsawo ba. Masana tarihin kiɗa sun nuna cewa dogon ƙahon ƙarfe miƙaƙƙe ya shiga Turai ne daga rundunonin Musulmi, inda ake kiran sa nafir, kuma daga irin wannan ƙahon ne maƙeran Turai suka yi ta gyare-gyare har suka fito da tarambon a wajejen shekarar 1450. A ƙarnin nan dai, Tarihin Kano ya lissafa kakaki a cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fadar Kano. Ke nan 'yan gida ɗaya ne da hanya ta raba. Ɗaya ya zauna a ƙofar sarki da muryoyinsa biyu ko uku, ba a busa wa kowa shi sai mai sarauta. Ɗayan ya shiga coci, ya shiga barikin soja, daga nan ya faɗa titi.

A nan Jamhuriyar Benin ma ba baƙo ba ne. Wanda ya taɓa halartar bikin Gani a Nikki, a watan Mauludi, ya ga dogayen ƙahonin sarautar Bargu da ake kira kankangi, sunan da ko yaro ya ji ya san ɗan'uwan kakaki ne. Hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja ta bi ta Nikki da Jugu, kuma ba goro kaɗai aka ɗauka a kanta ba.

Daga Wida zuwa Niyu Olins

Hanyar da ta ratsa Godomey ta yi yamma, in ka bi ta kimanin kilomita 40 daga Kwatano za ka isa Wida. Daga wannan gaɓar ne jiragen bayi na farko da suka sauka a Luwiziyana ta Amurka suka taso a shekarar 1719. A babban birnin wannan yankin, Niyu Olins, jikokin bayi suka haɗa kiɗan da suka gada da kayan badujalar sojan Turawa, suna raka gawa da shi a titi kamar yadda muke gani a nan ranar Asabar. A farkon ƙarni na 20 abin ya zama jaz.

Tun ranar farko tarambon ya ɗauki aikin mai surutu. Akan ɗora makaɗa a bayan keken doki a zaga gari ana tallar wasa, sai a zaunar da mai tarambon can ƙarshen keken yana fuskantar baya, don kada sandarsa ta tsokale wa wani ido. Kid Ory shi ne gwanin wannan salon. A faifan jaz na farko da aka sayar a kasuwa, a 1917, an sa tarambon ya yi kukan saniya, sauran kayan busa suka yi carar zakara da haniniyar doki. Daga baya Joe Nanton, wanda ake wa laƙabi da Tricky Sam, ya shiga ƙungiyar Duke Ellington a 1926, ya zauna har rasuwarsa a 1946. Shi kuwa robar nan da masu gyaran famfo ke buɗe magudanar da ta toshe ya ɗauko, yana rufe bakin tarambon da ita yana buɗewa, sai ka rantse wani tsoho ne ke magana a bayan ƙyaure.

Su ma gangunan jaz suna da labarinsu. A badujala kowace ganga da mai ɗaukarta. Da kiɗa ya koma cikin ɗakunan rawa, wuri ya yi kaɗan, kuɗin biyan mutane ma haka, sai aka tara wa mutum ɗaya duka: babbar ganga da ake takawa da ƙafa, ƙarama mai wayoyi a ƙasanta, wasu matsakaita, da faya-fayen tagulla. Kamfanin Ludwig ya fito da fedar taka babbar gangar a 1909. Tun daga nan aikin makaɗin ya zama riƙe lokaci, watau ya zama agogon ƙungiya, sauran su yi ta yawo a kansa.

Da aka ajiye takarda

Shi jaz dama can yana da ƙirƙirar nan take a cikinsa, amma da iyaka. Akan fara da waƙar da kowa ya sani, sannan kowane mai busa ya ɗan yi nasa a kan gadon waƙar, a dawo a rufe da ita. A ƙarshen shekarun 1950 wasu matasa suka ce wannan gadon ya yi musu kaɗan. A watan Disamba na 1960 Ornette Coleman ya tara mutum takwas, ciki har da makaɗan ganguna biyu, suka yi kusan minti 37 suna busa tare ba tare da bin tsarin da aka saba ba, aka sa wa faifan suna Free Jazz. Lokacin kuwa baƙaƙen Amurka na tsakiyar gwagwarmayar neman 'yancinsu, don haka kalmar 'yanci a bakin waɗannan makaɗan tana da nauyi biyu.

Makaɗan ganguna irin su Sunny Murray da Milford Graves suka yi murabus daga aikin agogo. Maimakon bugun da za ka kaɗa ƙafa a kansa, sai suka koma yin sauti mai tasowa yana lafawa kamar igiyar ruwa a bakin teku. A 1964 Graves ya haɗu da mai tarambon Roswell Rudd a ƙungiyar New York Art Quartet. A watan Fabrairu na 1967, 'yan watanni kafin rasuwarsa, John Coltrane ya shiga ɗakin ɗaukar sauti da makaɗi ɗaya tak, Rashied Ali. Faifan, Interstellar Space, bai fito ba sai 1974, amma ya tabbatar wa kowa cewa abin busa ɗaya da ganguna sun isa su cika kunne. A 1969 kuma, a bikin al'adun Afirka da aka yi a birnin Aljiyas, Archie Shepp ya hau dandamali da Sunny Murray da mai tarambon Grachan Moncur III, suka yi kiɗa tare da makaɗan Aljeriya da na Buzaye.

Amma inda haɗin tarambon da ganguna ya fi yin jijiya shi ne Turai. Albert Mangelsdorff, mutumin Frankfurt ta Jamus, wanda ya rayu daga 1928 zuwa 2005, ya fitar da wani faifai a 1969 inda ya yi wasan mutum bibbiyu da abokansa, ɗaya daga ciki da Elvin Jones, tsohon makaɗin Coltrane. Shi ne kuma ya shahara da wata dabara mai ban mamaki: yana busa murya ɗaya da leɓɓa, yana rera wata da maƙogwaro a cikin bututun a lokaci guda, sai biyun su haɗu su haifar da ta uku, har da ta huɗu. A 1972, lokacin wasannin Olamfik a Munik, ya tsaya shi kaɗai a gaban jama'a ya yi wasa sukutum da wannan dabarar. A 1973 kamfanin FMP na birnin Balin ya fitar da faifan Günter Christmann da Detlef Schönenberg mai suna We Play, tarambon da ganguna zalla. A 1978 aka sami na Paul Rutherford, Baturen Ingila, da Paul Lovens na Jamus, wanda ko zarto yakan sa a cikin kayan kiɗansa.

Yadda hirar ke gudana

Mai karatu zai ce, to in babu waƙa, babu bugun da ake bi, me ya hana kowane mahaukaci ya ɗauki gwangwani ya ce shi ma makaɗi ne? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa tana cikin yadda mutanen biyu ke sauraron juna.

Mu ɗauka mai tarambon ya fara da dogon gurnani can ƙasa. Makaɗi yana da hanyoyi da dama a gabansa, kuma dole ya zaɓa cikin ƙiftawar ido. Yana iya bin sa, ya murza babbar ganga a hankali don gurnanin ya ƙara kauri. Yana iya saɓa masa, ya ɗan ƙyanƙyasa gefen faifan tagulla da sauri-sauri, siriri a kan kauri. Yana iya kwaikwayonsa don tsokana. Yana kuma iya yin shiru, ya bar shi ya ƙare maganarsa. Duk wanda ya zaɓa, ya sauya wa abokinsa hanya, shi ma sai ya sake zaɓa. Haka za a yi ta yi, kowane ɗaya na gina nasa a kan abin da ɗan'uwansa ya ajiye yanzun nan. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, sai dai a nan kowannensu makaɗi ne kuma mai rawa.

Dalilin da ya sa waɗannan kayan biyu suka dace da juna shi ne kowanne na iya shiga gonar ɗayan. Tarambon na iya yin bugu: mai busa ya katse iska da harshe, sauti ya fito gajere kamar an mari fata. Ganga kuma na iya yin kari: makaɗi ya danna fatar da gwiwar hannu ko da sanda ɗaya yana bugu da ɗayar, murya ta hau, ya saki ta sauka, ko ya goga sanda a kan faifan tagulla ya yi ƙara mai tsawo. Sannan babu piyano ko garaya a tsakaninsu da zai tilasta musu wani ma'auni na sauti. Fili ne fetal.

Sai dai filin nan yana da haɗarinsa. A babbar ƙungiya wanda ya rasa abin faɗa yana iya ɓuya a bayan sauran. A nan babu wurin ɓuya. Mai busa dole ya numfasa, leɓɓansa kuma nama ne, suna gajiya, don haka makaɗin da bai san lokacin da zai riƙe wa abokinsa wuri ba ya kashe wasan. Wanda ya cika surutu ya danne ɗan'uwansa, shi ma ya kashe shi. Haka wanda ba ya kawo komai sai amshi. Abin da ya fi wuya kuwa shi ne ƙarshe. Ba a yi alkawarin inda za a tsaya ba, saboda haka sai su biyun sun ji a jikinsu a lokaci guda cewa magana ta ƙare. Masu sauraron da suka saba sukan gane gwanaye ne ta wannan tsayawar.

Kada kuma a ɗauka rashin shiri na nufin rashin koyo. Roswell Rudd ya fara ne da tsohon salon Niyu Olins tun yana ɗalibi, ya kuma yi shekaru yana taya masanin nan Alan Lomax nazarin waƙoƙin al'ummomin duniya. Mangelsdorff ya yi suna wajen yawan gwaji kullum. Abin da ba a shirya ba shi ne abin da za a faɗa a daren. Harshen da za a faɗe shi da shi kuwa an yi shekara ashirin ana koyonsa. Mu ma in muka zauna hira a ƙofar gida bayan isha'i ba wanda ke zuwa da takarda, amma ba a sa jariri a cikin hirar.

Namu na gida

A nan ne muke cewa kunnenmu ya riga ya san wannan abin. Mai algaita da mai ganga in suka tsaya a ƙofar hakimi, mutum biyu ne su ma, busa da bugu. Mai algaita ya kumbura kumatu, yana shaƙar iska ta hanci yana tura wadda ya tara a baki, busa ba ta yankewa, dabarar da masu jaz da dama suka sha wahala kafin su koya. Ba su san wanda zai shigo zaure nan da minti ɗaya ba. Da an hango rawanin wani basarake, mai ganga ya juya hannu zuwa takensa, mai algaita ya bi shi ba tare da sun ko kalli juna ba.

Kalangu ya ma fi kusa da tarambon. Abin da mai tarambon ke yi da sandarsa shi mai kalangu ke yi da hammatarsa: ya matse tsarkiya fata ta ɗaure murya ta hau, ya sassauta ta sauka, ya kuma silale a tsakani. A filin dambe makaɗi idonsa na kan 'yan wasa, abin da ya faru a fage shi ke sauya masa hannu nan take. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi suna ne a kan ƙirƙirar waƙa a wurin da aka tsai da shi, makaɗansa da 'yan amshinsa kuwa sai dai su kasa kunne su bi shi duk inda ya karkata.

Ba mu kaɗai muka ga wannan kamar ba. Yusef Lateef, ɗaya daga cikin manyan masu busa na Amurka, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya nazarci sarewar Fulani, ya kuma yi faifai da makaɗan ƙasar mai suna In Nigeria.

Amma akwai bambanci babba, kuma bai kamata mu rufe shi don son kai ba. Kalangu da algaita magana suke yi ta gaske. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawa ko sauka ko faɗuwa, tana da tsawo ko gajarta, don haka in makaɗi ya bi karin jimla, mai jin Hausa ya ji jimlar. Take yana da mai shi, kirari yana da ma'ana, makaɗi yana da ubangida. Su kuwa masu kiɗan nan-take na Turai sun ɗauki siffar hira ne suka bar kalmomin. Akwai tambaya da amsa, akwai gardama, akwai raha, akwai shiru, amma ba za ka iya fassara ko jimla ɗaya ba. Ba su da sarkin da suke yi wa, ba kuma mai yi musu liƙi. Sun sami 'yancin faɗin abin da suka ga dama, sun kuma biya kuɗinsa, domin masu sauraronsu ba su da yawa, a ƙananan ɗakuna suke wasa. Shi kansa Rudd ya yi shekaru yana busa a wani otel na 'yan hutu a wajen Niyok don ya ci abinci.

Kwatano ta shiga zancen

Wani zai ce duk wannan labarin nesa ne. To ga na kusa. A 1994 wasu matasa takwas suka kafa ƙungiyar Gangbé Brass Band a nan Kwatano. Sunan a harshen Fon yana nufin ƙarar ƙarfe. Suka ɗauki kayan busar badujala suka aza su a kan kiɗe-kiɗen gargajiyar kudancin ƙasar nan, da ƙararrawar ƙarfe da ganguna na gida, suna waƙa da Fon da Gun da Yarbanci. Mai tarambon ɗinsu, Martial Ahouandjinou, yana cikin ginshiƙan ƙungiyar. Sun fitar da Togbé a 2001, Whendo a 2004, sai Go Slow to Lagos a 2015, shekarar da aka fitar da fim a kan tafiyarsu Legas don yin wasa da Femi Kuti.

Kiɗan Gangbé shiryayye ne, mai sa rawa, ba irin na su Rutherford ba ne. Amma ga inda hanyoyin suka haɗu. Roswell Rudd, wanda ya riga ya je Bamako a 2001 ya yi faifan MALIcool da Toumani Diabaté mai kiɗan kora, ya sa 'yan Gangbé a cikin faifansa Trombone Tribe na 2009. Watau ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe wa tarambon ƙofar 'yanci a Niyok, da ya tsufa, 'yan Kwatano ya nema. Ya rasu a 2017. Ƙasar da ta haifi Poly-Rythmo da Angélique Kidjo da Lionel Loueke, mai jita da ya daɗe yana aiki da Herbie Hancock, ba ta rasa masu kunne ba.

Abin da ya rage gare mu

Tambayar da ta dame mu ita ce, ina namu a cikin wannan? Maƙwabtanmu sun ɗauki ƙarfen da Bature ya bari sun koya masa harshensu, har duniya ta zo saurare. Mu kuwa da muka zo da abin busa da gangar da suka iya magana tun asali, mun fara jingine su. Bikin aure ko suna a Zango yanzu sau da yawa lasifika ce da yaro mai kwamfuta, don ya fi araha kuma ba ya roƙo. Ɗan makaɗi yana jin kunyar a ce masa maroƙi, gara ya yi dako a kasuwa ko ya ja babur. Ba mu ga laifinsa ba, tun da mu ne muke kiran uban in muna murna, mu kuma hana ɗan auren 'yarmu.

Akwai kuma wata asarar da ta fi wannan ɓoyuwa. Kalangu ba ya magana sai da mai jin Hausa har cikin ƙashi. Yaron da ya tashi a Godomey yana Faransanci a makaranta, Fon a titi, Hausa sai ta aike a gida, in aka kaɗa taken kakansa a gabansa ba abin da zai ji sai bugu mai daɗi. Ga shi nan ya koma kamar mai sauraron Christmann da Schönenberg, yana jin hawa da sauka ba ya jin kalma. Su da gangan suka ajiye kalmomin bayan sun ƙoshi da su. Namu kuwa zubewa suke yi ba mu lura ba.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Na farko, duk inda aka san akwai dattijon da ya iya kalangu ko algaita a Zango ko Godomey, a zauna da shi a ɗauki kiɗansa a waya, kuma a sa shi ya faɗi kowane take da baki bayan ya kaɗa, a rubuta mai shi da ma'anarsa. Kiɗan da aka ɗauka ba tare da kalmominsa ba rabin aiki ne. Na biyu, masu hali in za su yi biki su ware wa makaɗan gida ko da awa ɗaya kafin a kunna lasifika, a kuma biya su a mutunce kamar yadda ake biyan mai rumfa da mai kujeru. Na uku, ƙungiyoyin matasanmu su gwada abin da bai fi ƙarfinsu ba: su gayyato matashi ɗaya mai tarambon daga cikin 'yan badujalar unguwa, su zaunar da shi da mai kalangu, ba waƙar da aka tsayar, a ga abin da zai faru. Fon ma harshe ne mai karin sauti, don haka shi ma yaron ya san yadda ƙarfe ke bin magana. Wataƙila ranar farko a yi ta karo da juna. Rutherford da Lovens ma ba harshe ɗaya suka tashi da shi ba.

Wanda ke son ya ji da kunnensa, yawancin faya-fayen da muka ambata ana samun su a intanet. Shawararmu ita ce kada a nemi wurin kaɗa ƙafa. A saurara kamar yadda ake sauraron mutum biyu na magana a ɗakin da ke kusa, cikin harshen da ba a sani ba, a yi ƙoƙarin gane wa ya yi tambaya, wa ya amsa, wa ya yi fushi, wa ya ba da haƙuri. Bayan nan a je a saurari mai kalangu, a tambaye shi abin da ya ce.

Masu karatun da suka san wani makaɗi ko mabushi a unguwarsu, muna roƙon su sanar da wannan shafi don mu kai masa ziyara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.